Ni Na Kai Masa Kwamfutar

Asabar, bayan La'asar

Gimbiya ta gama! Jikata ta cinye jarrabawarta ta ƙarshe ɗazun nan ina zaune kusa da ita. Da idona na ga kwamfutar ta kawo takardar shaida, sunanta a tsakiya da manyan baƙaƙe, na marigayi ubanta yana biye. Sai yanzu na lura ko Bismillah ban rubuta a saman shafi ba. Allah Ya yafe mini, murna ce.

Ban taɓa jin makarantar da ba ta da ƙofa ba sai a kan yarinyar nan. Malamai suna can wata uwa duniya suna magana ta intanet, ita tana nan falo ta toshe kunnuwa tana rubutu. Watanni ke nan tana fama: yadda ake tsare kayan sito a kwamfuta, yadda ake jera lissafi gida-gida, da wani kwas na uku da na kasa riƙe sunansa. In an ɗauke wuta ta tafi shagon mai caji ta zauna a benci. In data ta ƙare uwarta ta ƙara karɓar ɗinki. Tun da ta gama makaranta take yawon kai takardar neman aiki, kowane ofis sai a tambaye ta me ta iya bayan abin da kowa ya iya. To ga amsa nan.

Na ce mata kada ta yi mini ɗagawa, ni ma mai satifiket ne, ga shi can a bango cikin gilashi. Ta ce, “Ɗan Aji Ɗaya, naka ai na koyon rubuta suna ne.” Na ce da ban koya ba, wa zai karanta mata nata yau? Na haura hamsin kafin na ajiye tuƙin babbar mota na shiga ajin yamma. Malaminmu ne ya ce kowa ya riƙa rubuta abin da ya faru da shi kullum don kada hannu ya sandare, shi ya sa har yau nake yi.

Matata, Tsohuwa, ta ce in rage murya, maƙwabta za su zaci haihuwa aka yi. Na ce ai haihuwar ce.

Lahadi, da hantsi

Alheri in zai zo ba ya zuwa shi kaɗai. Manaja ya zo gaishe mu. Shi ne babban ɗana, wan uban Gimbiya. Tun yana yaro muke ce masa Manaja saboda son ba da umarni, ga shi kuwa yau shi ke kula da motoci a kamfanin rarraba magunguna. Ya ce kamfaninsu na neman mai kula da sito a kwamfuta, kuma irin waɗannan takardun suke so. Ya ce Gimbiya ta haɗa masa takardar neman aiki, shi zai danƙa ta hannu da hannu ga shugabar ma'aikata. Yarinya ta durƙusa tana ta na gode Baffa, na gode Baffa.

Ya daɗe yana kallon kwamfutar. Ya tambaye ta yadda makarantar ke gane wanda ya yi karatun tunda ba sa ganin fuska, ta yi masa bayani dalla-dalla. Na ji daɗi da ya nuna kulawa haka.

Tare suka zo da ɗansa Dogo, wanda shi ma yake zaune ba aiki. Na ce masa mijin Tsohuwa, har yanzu cefanen ma ni nake yi maka? Ya yi dariya bai ɗago daga waya ba.

Talata, bayan Azahar

Na yi wata dabara, ban gaya wa kowa ba.

Gimbiya ta ce yanzu ba a bukatar buga satifiket, yana nan a intanet, mai so ya duba. Ni dai ban yarda ba. Takardar da hannu bai taɓa ba, ƙura ba ta hau ta an goge ba, ina takarda a nan? So nake ta tashi wata safiya ta ga nata a bango kusa da nawa.

Da ta raka uwarta sayen yadi, na tarar ta bar kwamfutar a kan tebur. Na naɗe ta a tawul na sa a jaka na hau mota zuwa wajen Manaja, don ya taɓa ce mini firintar ofishinsu tana buga kala a takarda mai kauri. Direbobinsa suka yi ta gaishe ni, wani har da cewa tsohon hannu ya zo duba yara. Ofishin nasa ƙarami ne, fanka tana kaɗa takardu, makullan motoci a jere jikin ƙusoshi. Ya karɓa da fara'a. Ya ce tawada ta ƙare, in bar masa sai gobe.

Na dawo na gaya wa Gimbiya Baffanta ne ya nema don ya kwafi takardunta. Ta ɓata rai. Ta ce kwamfuta ba tsani ba ce da ake aro tsakanin maƙwabta. Na yi ta dariya a ciki, na ce bari dai ki ga bango.

Alhamis, da yamma

Kwamfuta ta dawo, takardu ba su dawo ba. Wai har yanzu tawada. Na riga na yi wa mai sa takardu a gilashi magana, na ce ya ɗan jira ni.

Laraba, bayan Magariba

Matar Manaja ta bugo wa Tsohuwa waya tana murna. An kira Dogo intabiyu a kamfanin, aikin sito.

Na yi hamdala, ai duk nawa ne. Na kira Manaja na ce to ina na Gimbiya? Ya ce kashi-kashi ake fitar da sunaye, a yi haƙuri. Na ce yaushe Dogo ya koyi aikin sito ban sani ba? Ya ce Baba yaran yanzu a waya suke komai. Haka ne kuma, kullum yaron yana kan waya.

Gimbiya ta ce Allah Ya sanya alheri. Ta ɗauki kwamfutarta ta shiga ɗaki da wuri.

Alhamis, da safe

Ba ta fito gaishe ni ba.

Alhamis, bayan Azahar

Ta fito. Ta ajiye kwamfutar a gabana ta ce, “Kaka, karanta.”

Na sa tabarau na bi da yatsa kamar yadda aka koya mana. Takardar nan ce dai ta ranar Asabar, zanen gefenta, hatiminta, kwanan watanta. Sunan tsakiya ne ba nata ba. Na karanta sunan Dogo, na karanta na Manaja a bayansa, sunan da ni na raɗa masa. Ta buɗe ta biyu, haka. Ta uku, haka.

Ta yi mini bayani a hankali, ba ta ɗaga murya ba. Makarantar ta yarda ɗalibi ya gyara sunansa sau ɗaya tak, saboda masu kuskuren rubutu. Ita kuma ba ta taɓa kulle shafinta ba, don a gida take, kuma wa za ta ji wa tsoro a gida? Duk wanda ya buɗe kwamfutar zai iya.

Sai ta ce, “Shi ya aiko a karɓa, ko kai ka kai masa?”

Na ce ni na kai.

Ta rufe kwamfutar ta tashi. Ko kuka ba ta yi a gabana ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Juma'a, bayan sallah

Na kira Manaja ya fi a ƙirga, bai ɗauka ba. Wataƙila wani yaron ofis ne ya yi. Wataƙila kuskure ne. Manaja ɗana ne.

Asabar, da yamma

Ya zo, da ledar lemo a hannu.

Ba kuskure ba ne. Bai ma yi ƙoƙarin cewa kuskure ba ne. Ya zauna a kujerar da ya saba zama ya tsara mini magana kamar yana raba wa direbobi hanya. Wai Dogo namiji ne, shi zai ɗauki gida gobe. Wai Gimbiya kanta na ja, wata nawa ne ta sake wani karatun? Wai in Dogo ya shiga ya kafu, shi zai jawo ta. Abu daga hannun dama ya koma na hagu, ai bai bar jiki ba. Na tambaye shi takardar neman aikinta da ta durƙusa ta ba shi. Ya ce tana mota. Tun ranar tana mota.

Na ce ɗiyar ƙaninka ce fa, wanda ka sa a kabari da hannunka. Ya sunkuyar da kai, na zaci ta shige shi. Da ya ɗago sai ya ce, “Baba, kai fa ka kawo mini har ofis, ba ta sani ba. Na ɗauka ka gane.”

Ban san bakin ɗan da ka haifa zai iya zafi haka ba.

Kafin ya tashi ya ƙara da cewa ko zan sa baki Gimbiya ta ɗan nuna wa Dogo abubuwan kafin intabiyu, don kada a ji kunya. Na ce ya ɗauki lemonsa. Ya bar shi a nan. Yana nan a kan tebur, ba wanda ya taɓa.

Lahadi, da hantsi

Tsohuwa ta ce in rufa asiri. In kamfani ya ji, ba Dogo kaɗai zai rasa ba, Manaja ma zai iya rasa nasa, kuma bakuna nawa ke ci daga hannunsa, har da maganin hawan jininta. Ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na ce ita Gimbiyar ƙafar wa ce? Ta hau share hawaye. Ba ta yarda da abin da ya yi ba, na sani. Uwa ce kawai.

Na je ɗakin surukata, uwar Gimbiya, don in ba ta haƙuri. Tana kan keken ɗinki, ta tsaya ta gaishe ni da ladabi kamar kullum. Na fara magana ta ce, “Ba komai Baba, maraya ai ya saba.” Ta ci gaba da taka keke.

Litinin, da yamma

Keken ɗinki bai tsaya ba yau tun safe.

Talata, bayan La'asar

Dogo ya zo shi kaɗai. Ban tsokane shi ba, shi ma bai nemi Tsohuwa da wasa ba. Ya ce wallahi bai roƙa ba, babansa ne ya kawo masa takardun a buge ya ce ya sa a fayil. A buge. Ashe tawada ta samu.

Na tambaye shi ya iya aikin? Ya ce zai koya. Na ce ya je da ƙafarsa ya gaya musu gaskiya, yaro ne, za a manta. Ya ce in ya yi haka babansa zai tsine masa. Na ga tsoro a idonsa, na kuma ga sabon takalmi a ƙafarsa.

Ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar Gimbiya yana kiran ta da sunan da suke kiran juna tun suna wasan ƙasa a tsakar gidan nan. Ba ta buɗe ba. Litinin mai zuwa ne intabiyun.

Laraba, da safe

Gimbiya ta rubuta wa makarantar. Uwarta take gaya wa, ni ta taga na ji. Sun ce ta aika katin shaidarta da wata hujja daga wani wuri da ba ita ba, kuma in abin ya rikice musu za su soke takardun gaba ɗaya, kowa ya rasa.

Tana gaishe ni yanzu. Ina kwana Kaka, ta wuce. Kamar 'yar haya.

Juma'a, da yamma

Mai gilashi ya tare ni a hanya yana tambaya yaushe zan kawo aikin. Na ce an fasa.

Yau na tuna ranar farko a ajin yamma. Mu manya-manya da furfura, an ba mu alli. Malam ya ce suna za mu fara koya, don wanda ya iya rubuta sunansa ba za a ƙara kama masa yatsa a dangwala a kan abin da bai sani ba. Na sha wahala kafin nawa ya miƙe. Yarinyar nan ta sha wadda ta fi tawa, aka goge nata cikin ƙiftawar ido, a kwamfutar da na naɗe a tawul kamar jariri.

Na rubuta wa Manaja saƙo a waya da kaina, ban nemi kowa ya taya ni ba. Na ce ya janye takardun kafin Litinin, in ba haka ba, zan zo kamfanin da kaina.

Lahadi, bayan Magariba

Bai amsa ba. Ya san ni da sanyi. Tun yana yaro in ya yi laifi uwarsa ce mai duka, ni ne mai cewa a bar shi.

Manaja ɗana ne.

Litinin, da sassafe

Tsohuwa ta ɓoye mini hula. Na sa tsohuwar hulata.

Litinin, bayan La'asar

Na je.

Samari da 'yan mata a jere kan kujeru, kowa da fayil a cinya. Dogo na cikinsu. Da ya gan ni ya sunkuya kamar mai ɗaure takalmi, bai ƙara ɗagowa ba. Shugabar ma'aikatan ba ta wuce sa'ar 'ya'yana ba. Ta ba ni kujera ta sa aka kawo ruwa, ta ce Baba me ke tafe da kai? Na faɗa mata tun daga tawul. Ban ƙara ba, ban rage ba.

Ta ce, “Baba, ka san abin da wannan maganar za ta iya jawo wa ɗanka?”

Na ce na sani, da shi na kwana.

Ta karɓi lambar Gimbiya. Ta ce ba za ta yi mini alkawarin komai ba, an riga an rufe karɓar takardu, na Gimbiya kuma ba su taɓa isowa ba.

Da na fito sai da na bi ta wajen motoci, ba wata hanya. Manaja yana tsaye da makullai a hannu, labari ya riga ni. Direbobin da suka yi ta gaishe ni rannan kowa ya sami abin dubawa a ƙarƙashin mota. Ya ce, “Ka kyauta, Baba.” Na wuce.

Laraba, da rana

An cire sunan Dogo. An ce Manaja ya zauna a gida sai an neme shi.

Waya ba ta huta ba. Ƙanwata ta ce tsufa ne ya fara taɓa ni. Wani ɗan'uwa ya ce abin da za a kashe a ɗaki na kai kasuwa. Wata ta ce dama boko in ya zo wa mutum da tsufa haka yake yi masa. Duk cikinsu ba wanda ya tambayi yadda Gimbiya take.

Tsohuwa tana ajiye mini abinci ta juya.

Asabar, da yamma

Sun ɗauki wani, ba Dogo ba, ba Gimbiya ba. Na fasa tulu, ruwan ma ban sha ba.

Na zubar da lemon, ya ruɓe.

Talata

Ba abin rubutawa.

Juma'a, da hantsi

An mayar da Manaja aiki, amma an sauke shi daga kujerarsa, yanzu wani ne ke ba shi umarni. A bakin mutane na ji. Bai zo ba, bai kira ba. Maganin Tsohuwa ya aiko da shi ta hannun mai babur, ba saƙon gaisuwa. Na yi ta kallon ƙofa kamar wawa. In na ce ban yi kewarsa ba na yi ƙarya, in na ce na yafe ma na yi ƙarya.

Asabar, bayan Azahar

Ya dawo! Sunanta ya dawo!

Ina kishingiɗe Gimbiya ta fito da kwamfutar ta ce in tashi in nemo tabarau, tsoho sai barci kamar mage. Na karanta na farko, na karanta na biyu, na karanta na uku, na koma na farko. Sunanta, da na ubanta a bayansa, ba harafin da ya ɓace.

Ashe shugabar ma'aikatan nan ta kira ta tun a makon, ta ji daga bakinta, ta rubuta wa makarantar abin da ya faru da hatimin kamfani. Hujjar da suke nema ke nan. Gimbiya ta sani ta ƙi gaya mini, wai sai ta ga ƙarshensa, kuma wai ina bukatar in ɗan dahu. Na ce ai na ƙone. Ta yi dariya, rabon da in ji ta tun kafin abin nan. Uwarta ta tsayar da keke ta fito tana kallo daga bakin ƙofa, hannu a baki.

Aiki dai ba ta samu ba tukuna, kada in yi wa littafina ƙarya. Ta aika takardu wasu wurare da kanta, ba ta hannun kowa ba. Ta sa wa kwamfutar lambar sirri, ta ce ko da wuƙa a wuya ba za ta gaya mini ba, kuma in ta ƙara ganin na doshi tebur da tawul za ta kira mini 'yan sanda. Na ce na ji, na yarda, na sa hannu.

To tunda kwamfuta ba za ta taka ƙofa ba, mai son gani sai ya tako. Na aika wa ƙanwata, na aika wa ɗan'uwan nan mai maganar kasuwa, na gaya wa mai caji da mai gilashi da abokan ajinmu da suka rage. Na aika gidan Manaja ma, shi da Dogo. Tsohuwa ta ce ba zai zo ba. Na ce ni dai na kira. Ta yi tsaki, amma na ga ta sa an ƙara fito da kujeru.

Gobe tun daga hantsi har Magariba ƙofata a buɗe take. Kowa ya zo ya gani da idonsa. Wanda bai iya karatu ba kada ya ji kunya, ya zo, ni zan karanta masa.